Babi na 7: Itacen Tamaris da Mai Gidan da Ya Nace a Datse Shi

Itacen da halinsa

Tamaris itace ne na ƙasa mai gishiri da wuraren da iska ke kaɗawa da ƙarfi. Danginsa, wanda masana tsirrai ke kira Tamarix, ya ƙunshi iri fiye da 50, kuma asalinsu busassun yankunan Asiya ne da kudancin Turai da Afirka. Wasu ba sa wuce mita 3 ko 4, wasu kuwa, irin su Tamarix aphylla, sukan kai mita 15 har su zarce. Ba shi da wata dangantaka da tsamiya, duk da cewa sunayensu sun yi kama a harsunan Turai. Larabawa na kiransa athl ko ɗarfa'u. An ambace shi a aya ta 16 ta Suratu Saba'i, cikin itatuwan da suka maye gurbin lambunan mutanen Saba'i bayan ambaliya ta cinye su, kuma hadisin Sahlu ɗan Sa'adu ya nuna cewa da katakonsa, wanda aka saro a wani daji kusa da Madina, aka yi mumbarin Annabi (SAW). Har gobe ana ganinsa a gaɓar kogin Nilu a Masar da Sudan.

Ganyensa ƙanana ne ƙwarai, ba su fi milimita 1 ko 2 ba, suna manne da siraran rassa suna hawa kan juna. Shi ya sa kansa yake sako-sako, iska na ratsa shi ta wuce. A jikin ganyen akwai 'yan ƙofofin da ke fitar da gishirin da saiwa ta zuƙo, har wani lokaci a ga farin gari a kansu. Saiwarsa tana nutsewa ƙasa da nisa neman ruwa, kuma ba ta son a dame ta bayan ta kama. Furensa ƙanana ne, masu launin ja-ja mai haske, suna fitowa tuli-tuli har su lulluɓe reshe.

Waɗannan halaye ne suka sa ya samu karɓuwa a lambunan bakin teku na Turai, musamman kudancin Ingila, daga Cornwall zuwa Sussex, inda feshin ruwan teku ke ƙone ganyen yawancin itatuwa. Ana shuka shi don ado, ana kuma shuka shi a jere don ya tare wa gida iska. Yana girma da sauri. Idan aka ƙyale shi shekara da shekaru ba gyara, sai ya miƙa dogayen rassa marasa ganye a ƙasa, ya karkata inda iska ke tura shi, kansa ya yi masa nauyi. A wannan lokaci ne mai gida kan kira mai gyaran itatuwa, wanda a Ingila sana'a ce mai horo da takardar shaida, ya ce masa ya datse itacen gaba ɗaya.

Abin da ake nufi da datsa mai tsanani

Ba kowane yanka ne ake kira datsa mai tsanani ba. Masu sana'ar sun bambanta hanyoyi huɗu. Ta farko ita ce rage kai, inda ake gajarta dogayen rassa, amma kowane yanka a yi shi daidai inda wani ƙaramin reshe mai rai ya fito, don ya gaji wanda aka cire. Ta biyu ita ce datsa mai maimaituwa, wadda ake fara yi tun itace na ƙarami, a riƙa yanke toho a wuri guda duk bayan shekara ɗaya ko 'yan shekaru, har wurin ya dunƙule ya yi tauri. Haka ake yi wa itatuwan bakin titi da yawa a Landan da biranen Faransa. Ta uku ita ce sarewa daga gindi, a bar ɗan kututture ya sake tsirowa. Ta huɗu ita ce fille kai, wato a ɗauki tsayin da ake so, a yanke duk wani reshe da ya wuce shi, ko da kaurinsa ya kai cinyar mutum, ba tare da duba ko akwai reshen da zai gaje shi ba.

Mafi yawan lokuta wannan ta huɗun ce mai gida ke nema, ko da ya kira ta da wani suna. Dalilansa kuwa ba na banza ba ne. Wani itacen ya tare masa hangen teku, wanda da ma dominsa ya sayi gidan. Wani ɗakinsa ya yi duhu, a ƙasar da rana ke da ƙaranci. Wani tsoro yake ji kada itacen ya faɗo kan rufi ko kan motar maƙwabci, kuma tsofaffin kudancin Ingila ba su manta da guguwar watan Oktoba na 1987 ba, wadda aka ƙiyasta ta kayar da itatuwa kusan miliyan 15. Wani kuma lissafin aljihu yake yi: gara a yanke da yawa yau, ya biya sau ɗaya ya huta.

Itace mai wuyar mutuwa

Mai gida kan kafa hujja da cewa tamaris ba ya mutuwa don an sare shi, kuma a nan yana da gaskiya. An kai wasu irinsa Amurka a ƙarni na 19 don ado da tare iska da riƙe gaɓar koguna, sai suka kuɓuce suka mamaye bakin kogin Colorado da na Rio Grande da wasu kogunan yammacin ƙasar. Masu ƙoƙarin kawar da shi sun gano cewa sara kaɗai ba ya kashe shi, gobara ma haka, domin yana sake tsirowa daga gindi. Dole sai an shafa wa kututturen maganin kashe ciyawa nan take bayan yanka. A shekarar 2001 har sai da aka saki wani ƙwaro mai cin ganyensa, daga dangin Diorhabda, don a rage ƙarfinsa. A Ostareliya kuma Tamarix aphylla ya mamaye gaɓar kogin Finke, har aka sa shi cikin jerin miyagun tsirran da ƙasar ke yaƙi da su.

Masu lambu ma sun san wannan ƙarfi nasa, suna kuma amfani da shi. Ana ba wanda ya dasa ƙaramin tamaris shawarar ya yanke shi ya bar shi gajere bayan dashe, don ya yi rassa da yawa daga ƙasa, ya tsaya da kyau. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai abin da ya dace da ɗan itace, ko da kurmin da ke shan ruwan kogi, ba lalle ne ya dace da tsohon itace mai ganga ɗaya a cikin lambu ba. Tsohon da ya riga ya fara ruɓa a ciki, ko wanda ke tsaye a laka mai riƙe ruwa, ko wanda aka gina dakali a kan saiwarsa, ba shi da ajiyar ƙarfi kamar matashi. Irin wannan yana iya yin toho kaɗan ya tsaya, ko ya tsiro daga gindi kawai ya bar rassan da aka datse su bushe a tsaye. Ko da ya rayu sarai, rayuwar ba ita kaɗai ce abin dubawa ba. Abin da ya kamata a tambaya shi ne wane irin itace zai zama bayan shekara 3 ko 5, kuma ko zai biya buƙatar da ta sa aka datse shi.

Abin da ke faruwa a jikin itacen

Illa ta farko ita ce yunwa. Da ganye itace ke sarrafa hasken rana ya samar wa kansa abinci, wanda yake ciyar da rassa da ganga da saiwa. Idan aka cire kai gaba ɗaya, sai ya koma cin abin da ya ajiye a ganga da saiwa don ya fitar da sabon ganye cikin gaggawa. A wannan tsakanin wasu ƙananan saiwoyi kan mutu don babu abin ciyar da su, kuma itacen da ya ƙarar da ajiyarsa ba ya da ƙarfin kare kansa daga cuta. Wannan ne ya sa masu sana'ar suka daɗe da ƙa'idar cewa kada a cire wa babban itace fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyensa a shekara guda, tsoho kuwa ƙasa da haka.

Illa ta biyu ita ce rauni. Wani masani Ba'amurke mai suna Alex Shigo, wanda ya yi aiki da hukumar gandun daji ta ƙasarsa, ya tsaga itatuwa masu yawa yana bin sawun ruɓa a cikinsu. Daga shekarun 1970 bincikensa ya sauya yadda ake gyaran itatuwa a duniya. Ya nuna cewa itace ba ya warkewa kamar jikin mutum. Katakon da ya ji rauni ba ya komawa yadda yake. Abin da itacen ke yi shi ne ya killace wurin, ya toshe hanyoyin da ruɓa za ta bi, sannan ya yi ta gina sabon katako a kai har ya rufe. Wannan killacewa ta fi ƙarfi a gindin reshe, wurin ɗan kumburin da ke tsakaninsa da ganga. Yankan da aka yi a nan yakan rufe. Wanda aka yi a tsakiyar reshe mai kauri kuwa ba shi da wannan kariya, sai ya zauna a buɗe yana shan ruwan sama, fumfuna ta shiga, ruɓa ta yi ta gangarawa ƙasa. Shafa fenti ko kwalta a kan raunin ba ya hana wannan, wani lokaci ma yana riƙe danshi ne a ciki.

Illa ta uku ta fi sauran ɓoyuwa, domin tana zuwa da kamar alheri. 'Yan watanni bayan datsa sai a ga toho ya fito birjik a kewayen kowane yanka, kore shar, mai gida ya ce ai ga shi itacen ya farfaɗo. Duk wanda ya ga yadda dogon yaro ke tsirowa bayan an fille masa kai a bakin titi ya san wannan kama. Amma reshen asali tare yake girma da ganga, shekara bayan shekara katakonsu na sarƙewa da juna. Shi kuwa toho daga ƙarƙashin ɓawo yake fitowa, a fatar waje kawai yake manne, kuma gindin da yake zaune a kai shi ne wanda ke ruɓewa. Yana tsawo da sauri, yana nauyi da sauri. Katakon tamaris da ma ba mai jure lanƙwasa ba ne, yana da saurin tsagewa. Bayan 'yan shekaru sai a wayi gari da dogayen rassa masu nauyi a kan ruɓaɓɓen tushe, a wurin da iskar teku ba ta hutawa.

Daga nan illa ta huɗu ke fitowa. Kan tamaris na asali sako-sako ne, iska na bi ta cikinsa. Kan da toho ya gina cunkushe yake, yana tare iska. Wanda ya sa aka datse itacen don tsoron guguwa ya samu sauƙi na shekara ɗaya ko biyu, daga baya haɗarin ya dawo, wataƙila fiye da na da. Wanda ya nemi hangen teku ko haske shi ma haka: itacen kan mayar da mafi yawan tsayinsa cikin ɗan lokaci, kuma da duhun da ya fi na farko. Wanda ya so ya biya sau ɗaya ya ɗaura wa kansa biya a kai a kai, domin itacen da aka fille wa kai ba a sake barinsa ba kulawa. Garin neman gira an rasa ido.

Akwai kuma asarar da ba a jikin itacen take ba. Inda tamaris ke tare wa lambu iska mai gishiri, ranar da aka datse shi furanni da kayan miya da ke bayansa sun rasa garkuwa. Siffarsa ma ta tafi. Karkatacciyar gangar tsohon tamaris da rassansa masu rinjayowa aikin shekaru masu yawa ne, ba kuma za su dawo ba.

Iri da lokaci

Kafin zarto ya taɓa itacen, wajibi ne a san wane iri ne, domin tamaris na lambu ya kasu biyu wajen fure. Kashi na farko, irin su Tamarix tetrandra da Tamarix parviflora, suna fure ne wajen watan Afrilu zuwa Mayu ko farkon Yuni, a kan rassan da suka girma bara. Kashi na biyu, irin su Tamarix ramosissima, suna fure ne wajen Agusta da Satumba, a kan rassan da suka fito bana.

Saboda haka mai furen farkon shekara ana gyara shi ne da zarar furensa ya kaɗe, don ya samu sauran watannin ɗumi ya yi rassan da za su yi fure baɗi. Idan aka datse shi da hunturu, an zubar da furen shekarar gaba ɗaya. Mai furen ƙarshen shekara kuwa ana gyara shi ne a ƙarshen hunturu, wajen Fabrairu ko Maris, kafin ya fara toho, kuma shi ne ya fi jure yanka mai yawa, tunda a sabon reshe yake fure. Datsa mai tsanani a watan Satumba ko Oktoba ba ta dace da kowannensu ba: itacen na shirin hutu, rauni zai daɗe a buɗe cikin damshi, kuma duk tohon da ya fito a makare sanyi zai ƙone shi.

Sau da yawa mai gida bai san irin da ke gidansa ba, amma ya san watan da yake fure. Wannan tambaya guda ɗaya ta isa ta nuna lokacin da ya dace da aikin.

Abin da doka ta ce

A Ingila, mallakar itace ba ta ba mutum damar yi masa duk abin da ya ga dama a kowane lokaci. Ƙaramar hukuma na da ikon sa wa wani itace umarnin kariya, wanda ya hana sare shi ko datse shi sai da rubutaccen izini. A unguwannin da aka keɓe don adana kamanninsu na tarihi, duk wanda zai taɓa itacen da kaurin gangarsa ya wuce milimita 75, idan aka auna a tsayin mita 1.5 daga ƙasa, sai ya ba hukuma sanarwar mako 6. Tsohon tamaris mai ganga ɗaya ya wuce wannan ma'auni nesa ba kusa ba. Dokar kare namun daji ta 1981 kuma ta haramta lalata sheƙar tsuntsu da gangan muddin ana gina ta ko ana amfani da ita, kuma lokacin sheƙa yakan kama daga Maris zuwa Agusta, wanda ya haɗu da lokacin gyaran tamaris mai furen farkon shekara. Dole a duba itacen sosai kafin a fara.

Idan aka karya dokar kare itace, ba mai gida kaɗai ake iya gurfanarwa ba, har da wanda ya riƙe zarto. Cewa umartarsa aka yi ba ta wanke shi. Ban da doka, akwai ƙa'idar aikin itatuwa ta ƙasar, mai lamba BS 3998, wadda aka sabunta a 2010. Da ita hukumomi ke auna ko aiki ya yi daidai, kuma ba ta ɗauki fille kan babban itace a matsayin aiki nagari ba.

Hanyoyin da suka fi

Aikin mai gyara na farko shi ne ya gano buƙatar da ke bayan umarnin. Mutumin da ya ce a yanke rabin itace ba rabin itacen ne damuwarsa ba. Haske yake so, ko hange, ko kwanciyar hankali. Kowace daga cikin waɗannan tana da hanyar biyanta da ba ta kai ga fille kai ba.

Idan hange ne, sau da yawa cire reshe ɗaya ko biyu daga gindinsu ya isa ya buɗe taga, ko a ɗage kan itacen ta hanyar cire rassan ƙasa, a riƙa hangen teku ta ƙarƙashinsa. Idan haske ne, sai a rage cunkoson ciki, a cire busassun rassa da masu gogar juna. Idan nauyin kai ne da tsoron iska, sai a gajarta dogayen rassan, kowanne a yanke shi a inda wani reshe ya fito wanda kaurinsa ya kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku na wanda ake cirewa. Reshe mai nauyi ana cire shi da yanka uku: ɗan yanka ta ƙasa, sai na sama a ɗan gaba da shi don reshen ya faɗi ba tare da ya yage ɓawo ba, sannan na ƙarshe a cire guntun da ya rage a bakin kumburin gindi.

Idan tamaris ɗin mai ganguna da yawa ne daga ƙasa, kuma ya tsufa ya yi sako-sako, ana sabunta shi a hankali. A shekarar farko a sare kashi ɗaya cikin uku na tsofaffin gangunan daga gindi, a shekara ta biyu a sare rabin waɗanda suka rage, a ta uku a ƙarasa. Ta haka itacen bai taɓa rasa ganye gaba ɗaya ba, lambun bai rasa garkuwa ba, kuma idan tohon farko bai yi ƙarfi ba, an samu gargaɗi tun ba a yi nisa ba.

Idan kuwa mai gida na son itacen ya gajarta ƙwarai, sarewa daga gindi ta fi fille kai a tsayin mita 2 ko 3. Tohon da ya fito daga kututture kusa yake da ƙasa, ko ya tsage ba zai faɗo kan kowa daga sama ba, kuma gyaransa ba ya buƙatar hawa. An rasa itace, an samu kurmi, amma kurmi mai lafiya. Akwai ma lokacin da gaskiyar magana ita ce itacen bai dace da wurin ba. A nan cire shi a dasa ƙarami, ko wani iri dabam, ya fi a bar guntun da za a yi ta fama da shi.

Idan mai gida ya nace

Wani mai gidan zai saurari duk wannan ya ce shi dai a fille. Itacensa ne, kuma muddin doka ba ta hana ba, shi ke da ta cewa. Haƙƙinsa a kan mai gyara shi ne a gaya masa gaskiya dalla-dalla, ba tare da tsoratarwa ba. Kada a ce masa itacen zai mutu, domin mai yiwuwa ba zai mutu ba, kuma ranar da ya yi toho mai gidan zai daina yarda da duk sauran abin da aka faɗa masa. Abin da za a faɗa shi ne abin da aka sani: itacen zai iya rayuwa amma babu tabbas, fure zai ragu ko ya ɓace na wani lokaci, siffar ba za ta dawo ba, ruɓa za ta shiga manyan raunuka, kuma za a riƙa dawowa gyara da kuɗinsa.

Ya kamata wannan bayani ya shiga takardar farashin aiki, tare da tsayin da aka yarda a yanke da hanyar da mai gyaran ya ba da shawara aka ƙi, mai gida ya sa hannu. Ɗaukar hoto kafin aiki da bayansa na da amfani. Rubutun na kare ɓangarorin biyu idan gardama ta taso, kuma sau da yawa mutum kan sake tunani idan ya ga maganar a rubuce.

Mai gyara yana da nasa abin da zai auna. Itacen da aka fille a bakin hanya kowa na ganinsa, masu wucewa kuwa ba su san wanda ya nace ba, sun dai ga motar wanda ya yi aikin. Wasu masu sana'ar kan karɓi aikin bisa hujjar cewa idan sun ƙi, wani marar horo zai yi shi da muni. Wasu kan ƙi don kare sunansu. Duka biyun na da madafa idan abin da ke cikin haɗari kyan itace ne kawai. Amma akwai inda ƙi ya zama dole: idan itacen na ƙarƙashin kariya kuma ba a samu izini ba, idan akwai tsuntsu a sheƙa, idan itacen ba na mai umarnin ba ne, ko idan sabbin rassan za su rinjaya kan titi ko wurin wasan yara alhali mai gidan ya nuna ba zai ci gaba da kula da su ba. Sa hannun mai gida ba ya ɗauke haɗarin da zai faɗa kan wanda ba a yi yarjejeniyar da shi ba.

Kulawa bayan datsa

Idan an yanke shawarar datsewa, akwai abubuwan da ke rage ɓarna. A zaɓi ƙarshen hunturu, lokacin da itacen ke da cikakkiyar ajiya kuma toho na gab da farawa. A yi yanka da kaifi, mai santsi, a ɗan karkace don kada ruwa ya kwanta a kai. A yanke a wurin da reshe bai yi kauri sosai ba, domin ƙaramin rauni ya fi saurin rufewa, kuma duk inda ya yiwu a bar wasu ƙananan rassa masu rai su ci gaba da ciyar da itacen. Kada a shafa komai a kan raunin.

A shekarar farko a ba shi ruwa idan an yi dogon fari, a rufe gindinsa da ruɓaɓɓen ganye ko ɓawon itace ba tare da ya taɓa ganga ba. Ba a zuba masa taki mai ƙarfi, domin tamaris ya saba da ƙasa marar ƙarfi, kuma taki zai ƙara wa tohon tsawo ne da laushi. A bar tohon shekarar farko ya yi aikinsa na mayar da ajiya. A shekara ta biyu a rage shi, a bar biyu ko uku mafiya ƙarfi a kowane yanka, masu fuskantar waje, a cire sauran. Daga nan a riƙa gajarta su kowace shekara ko duk bayan shekara 2, a lokacin da ya dace da irin itacen, kafin su yi nauyin da gindinsu ba zai ɗauka ba.

A kowane zuwa a duba tsofaffin raunukan. Katako mai laushi, rami mai tara ruwa, tsagewa a mahaɗar toho da ganga, naman kaza a jikin ganga ko a gindi, da ƙasar da ta ɗaga a gefe guda bayan iska, duk alamu ne na cewa itacen ya raunana. Idan suka bayyana, sai a zaɓi ɗaya cikin biyu: a sauke shi zuwa gindi ya sake tsirowa a matsayin kurmi, ko a cire shi a dasa wani. Tamaris na kamawa cikin sauƙi daga yankan reshe da aka kafa a ƙasa da hunturu, don haka ana iya samun magajinsa daga jikinsa, a kuma fara gyara shi tun shekarar farko don kada ya kai ga halin da na farkon ya shiga.